Sayen Agogo Mai Tsada Don Shiga Teku: Abubuwan da Suka Fi Lambar Zurfi Muhimmanci

Duk wanda ya ƙuduri niyyar sayen agogon hannu mai tsada, kuma yana son ya riƙa zuwa bakin teku da shi har ya shiga ruwa ba tare da ya cire ba, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne lambar da aka rubuta a fuskar agogon ko a bayansa: mita 30, mita 100, mita 300, wani lokaci ma mita dubu da ɗoriya. Masu sayarwa sun san da haka, shi ya sa daga nan suke ɗauko zance. Sai dai a ganina wannan lamba ita ce mafi sauƙin warwarewa cikin duk tambayoyin da ke gaban mai saye, domin ba kasafai zurfi ke kashe agogo ba. Abin da ke kashe shi gishiri ne da yashi, da maɓallin da aka manta ba a ɗaure ba, da robar ciki da ta tsufa ba a sani ba, sai kuma maɗaurin da ya kwance a tsakiyar igiyar ruwa agogon ya yi ƙasa aka neme shi aka rasa. Wanda ya shiga kanti da waɗannan a ransa, abin da zai fito da shi ya sha bamban da na wanda lamba kawai ya bi.

Abin da lambar take faɗa da abin da ba ta faɗa

Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin ruwan da ke kansa yana ƙaruwa da kimanin ma'auni ɗaya, wanda ake rubutawa bar ko ATM a jikin agogo. Don haka mai ma'auni 3 daidai yake da na mita 30, mai ma'auni 10 kuwa shi ne na mita 100. Gwajin da ya samar da lambar a masana'anta aka yi shi, a kan sabon agogo mai sabuwar roba, cikin ruwa mai tsabta da ba ya motsi. Lambar shaida ce ta halin da agogon yake ciki ranar da aka sa shi a kwali, ba alkawari ba ne na abin da zai iya bayan shekara huɗu yana shan zufa da rana da sabulu, yana kuma bugun ƙofa da gefen tebur.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa wai kaɗa hannu wajen iyo yana ninka matsin ruwa har ya fi ƙarfin agogon mita 30. Lissafi bai goyi bayan wannan ba, domin ƙarin da saurin hannun mai iyo ke kawowa bai wuce na 'yan mitoci ƙalilan ba. Dalilin gaskiya da ya sa ake neman rata mai yawa shi ne, agogon da aka ƙera don ƙaramar lamba yawanci robarsa siririya ce, murfin bayansa dannawa aka yi ba murɗawa ba, maɓallinsa kuma da an ja shi sai ya fito, saboda haka ɗan rauni kaɗan ya ishe shi. A al'adar da masu gyaran agogo suka daɗe a kai, mita 30 ta wanke hannu ce da yayyafi, mita 50 tana bakin iyaka, daga mita 100 ne ake fara maganar iyo da kwanciyar hankali. Kamfanoni dai ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. A 2024 Patek Philippe ya mayar da lambar agogunansa masu jure ruwa zuwa mita 30 baki ɗaya, har da Nautilus da Aquanaut waɗanda a da ake rubuta musu mita 120, yana mai cewa mita 30 ɗinsa ta haƙiƙa ce, ana iya iyo da ita. Wannan ya nuna cewa mai saye ba zai dogara da lambar kaɗai ba, sai ya karanta abin da kamfanin da kansa ya rubuta a littafin da ke cikin kwalin, tunda da wannan rubutun za a yi masa hukunci ranar da ya koma da ƙorafi.

Ƙa'idoji biyu na duniya ne suka shafi wannan batu. ISO 22810 ta agogon yau da kullum ce mai jure ruwa. ISO 6425 kuwa ta agogon masu nutso ce, kuma ta fi tsanani nesa ba kusa ba: mafi ƙarancin zurfinta mita 100 ne, ana gwada kowane agogo ɗaya bayan ɗaya da matsin da ya ɗara lambarsa da kashi 25 cikin ɗari, dole a iya karanta lokaci cikin duhu daga nisan santimita 25, dole ya kasance da abin ƙirga mintocin nutso, sannan samfurinsa sai ya kwana 1 cur a cikin ruwan gishiri ya fito lafiya. Agogunan Seiko da Citizen da suka cika sharuɗɗan suna ɗauke da kalmar DIVER'S a fuskarsu. Manyan kamfanonin Suwizalan da yawa ba sa rubuta ta, nasu gwajin suke yi, kuma rashinta a jikin agogo irin Submariner na Rolex ba aibi ba ne.

Ya kamata a kuma tuna cewa sabon mai nutso da tukunyar iska iyakarsa mita 18, nutson nishaɗi gaba ɗayansa kuma ba ya wuce mita 40. Mai iyo a bakin gaɓa da ƙyar agogonsa zai ga mita 2.

Rukunin da ke gaban mai saye

Agogon kwalliya, irin siririn nan mai maɗaurin fata kamar Cartier Tank, wanda lambarsa mita 30 ce, babu abin da za a tattauna a kansa. A bar shi a ɗaki.

Rukuni na biyu shi ne inda yawancin mutane ya kamata su tsaya su yi dogon tunani, wato agogon da aka ƙera don komai da komai: ofis, tafiya, da iyo idan ta kama. Rolex Datejust da Explorer mita 100 ne kuma maɓallinsu murɗawa ake yi. Omega Aqua Terra da Vacheron Constantin Overseas mita 150. Santos na Cartier mita 100. Ga wanda zuwansa teku bai wuce mako ɗaya ko biyu a shekara ba, irin waɗannan sun wadatar, kuma suna shiga ƙarƙashin hannun riga ba tare da sun tokare ba. Rauninsu ba ruwa ba ne, ƙyalli ne, domin yawancinsu suna da sassa masu sheƙi kamar madubi waɗanda yashi ke yi wa zane tun ranar farko. A cikin wannan rukuni akwai waɗanda siffarsu ke yaudarar ido. Royal Oak na Audemars Piguet, wanda ya fito a 1972, ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa da ƙusoshi takwas a fili, kai ka ce da jirgin ƙarƙashin ruwa aka haife su, amma lambar samfurinsa na yau da kullum mita 50 ce. Haka Speedmaster na Omega da ya je duniyar wata, shi ma mita 50 ne. Ni kam ba zan shiga ruwan gishiri da ko ɗaya daga cikinsu ba, duk abin da takarda ta ce.

Na uku shi ne agogon nutso na ainihi. A 1953 Blancpain ya fito da Fifty Fathoms, sunan da ke nufin zurfin kimanin mita 91, Rolex kuma ya fito da Submariner mai mita 100, kuma siffar da suka kafa ita ake bi har yau: baƙar fuska, manyan alamomi masu haske cikin duhu, da zobe mai juyawa a kewayen gilashi. A yau Submariner, Fifty Fathoms da Seamaster Diver 300M duk mita 300 ne, Tudor Black Bay mita 200, Pelagos na asali mita 500. Abin da mutum yake saya a nan ba zurfi ba ne, tunda ba zai je can ba. Yana sayen gilashi mai kauri, roba mai yawa a wurare da yawa, kafaɗun ƙarfe da ke kare maɓalli a yawancinsu, da makullin sarƙa da aka yi don kada ya buɗe da kansa. Ga mai yawan shiga teku, ko mai hawan igiyar ruwa da allo, ko mai tuƙa ƙaramin jirgi, wannan rukuni ne zaɓin da ya dace, kuma tsakanin mita 200 da mita 300 babu wani bambanci da zai taɓa ji a jikinsa.

Na huɗu su ne ƙattin: Planet Ocean mai mita 600, Sea-Dweller mai mita 1,220, Deepsea mai mita 3,900, da Ultra Deep mai mita 6,000. Abin sha'awa ne ta fuskar fasaha, amma duk ƙarin zurfi da kauri da nauyi ake biyansa, kuma mai shi ne zai ɗauki nauyin kullum a wuyan hannunsa. Wasu daga cikinsu, da ma Seamaster Diver 300M na rukuni na uku, suna da ƙofar fitar da iskar hiliyom. Amfaninta na ma'aikatan da ke kwana da kwanaki a cikin ɗakin matsi ne suna shaƙar iska mai hiliyom, wadda ƙwayoyinta ƙanana ne har suna ratsa roba su taru a cikin agogo, idan aka zo rage matsin su nemi tunkuɗe gilashin. Mai iyo ba shi da alaƙa da wannan ko kaɗan. Idan ƙofar irin ta murɗawa da hannu ce, to ƙarin abu ne kawai da zai riƙa dubawa ko a ɗaure yake.

Maɓallin gefe

A nan gizo ke saƙa. Jikin agogo yana da ƙofofi uku da ruwa ke nema: gefen gilashi, murfin baya, da ramin maɓallin da ake wana agogo ana saita lokaci da shi. Biyun farko a rufe suke sai ranar gyara, na ukun kuwa mai agogon da kansa yake buɗe shi duk lokacin da ya gyara kwanan wata. Tun 1926 Rolex ya fito da jikin Oyster mai maɓallin da ake murɗawa ya zauna a kan roba kamar murfin kwalba, kuma har yau babu dabarar da ta kore ta. Mai saye ya karɓi agogon a hannunsa, ya kwance maɓallin ya mayar sau biyu ko uku. Ya kamata ya kama zarensa ba gardama, ya yi zagaye da dama cikin santsi, sannan ya tsaya cak. Idan yana cijewa ko yana zamewa tun yana sabo, a nemi wani.

Na san muhimmancin wannan ta hanya mai tsada. Na taɓa sauka wata ƙasa mai bambancin awanni, na ja maɓallin agogona a cikin mota na gyara lokaci, na danna shi ya koma amma ban murɗa ba. Washegari na yi kusan rabin awa a cikin teku. Da yamma na hangi wani ɗan hazo a ƙarƙashin gilashin, faɗinsa bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, daidai saitin ƙarfe uku. Da safe ya ɓace, agogon kuma yana tafiya daidai, sai na ce ai shi ke nan. Bayan mako biyu ya fara jinkiri, sannan ya tsaya. Da mai gyara ya buɗe bayan, ya miƙo mini gilashin idonsa in duba da kaina, sai ga sandar maɓallin ta yi jajawur da tsatsa, tsatsar ta bi ta kama ƙananan ƙafafun da ke kusa da ita, har farin da ke kan hannun minti ya fara komawa ruwan ƙasa. Agogon mita 200 ne, ruwan da na shiga kuwa bai wuce ƙirjina ba. Garanti bai ɗauki nauyin komai ba, kuma ba ni da bakin magana, tunda ni na bar ƙofa a buɗe.

Agogo mai ƙirga daƙiƙoƙi da maɓallai biyu na dannawa ƙofofinsa sun ƙaru da biyu. Wasu, kamar Daytona, maɓallansu ma murɗawa ake yi. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce kada a danna komai, kada a ja komai, matuƙar agogon yana cikin ruwa ko yana jiƙe, sai idan kamfanin ya faɗa a rubuce cewa an ƙera shi don haka.

Ƙarfen jiki da abin da yashi ke yi masa

Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma ɓarnarsa ba a cikin ruwa take faruwa ba, sai bayan an fito ya bushe. Gishirin yana maƙalewa a ƙarƙashin zobe, tsakanin gaɓoɓin sarƙa, da gefen murfin baya inda zufa ke taruwa, a hankali ya riƙa huda ƙananan ramuka a ƙarfen da ake kira marar tsatsa. Yawancin kamfanoni da ƙarfen 316L suke aiki, Rolex kuma da 904L, wanda ya fi jure irin wannan cin. Bambancin na gaske ne, amma ga wanda ke ɗauraye agogonsa da ruwan famfo duk lokacin da ya fito, bai isa ya zama dalilin zaɓe ba.

Titaniyom ne ya fi dacewa da teku. Ruwan gishiri ba ya yi masa komai, kuma ya fi ƙarfe sauƙi da kimanin kashi 40 cikin ɗari, abin da mai iyo yake ji nan take idan hannu ya fara gajiya. Launinsa toka-toka ne, wasu na ganin bai nuna tsadarsa ba, kuma mai daraja ta 2 ya fi saurin kwarzana a kan mai daraja ta 5. Zinariya ba ta tsatsa, amma tana da taushi da nauyi, sinadarin kulorin na tafkin wanka yana cin ƙarafan da aka gauraya ta da su, kuma tana kiran idon da ba a so a wurin da mutum ba shi da aljihu ko dogon hannun riga. Tagulla zaɓin masu son canjin launi ne, domin kwana biyu a teku sun isa su sa ta yi duhu har ta fara kore. Wanda ba ya son ganin haka kada ya saya yana fatan zai saba.

Yashi kuwa nasa aikin daban. Yawancin rairayin bakin teku ƙwayoyin dutsen kwatz ne, wanda taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu. Gilashin safaya 9 ne, don haka ko a jikinsa, amma ƙarfe, titaniyom da zinariya duk suna ƙasa da 7. Wato mutum yana iya dawowa da gilashi garau da jiki mai zane. Idan an shafa wa gilashin maganin ƙyalli ta waje, shi wannan shafen yana kwarzanuwa ko da safayar ba ta yi ba, kuma yana da kyau a tambaya ko ta ciki kawai aka shafa. Zoben tangaran, wanda Rolex ya fara sa wa GMT-Master II a 2005 kuma yanzu ya zama ruwan dare, ba ya kwarzana, rana kuma ba ta dusashe launinsa, sai dai idan ya daki dutse da ƙarfi yana iya tsagewa, kuma canza shi akwai tsada. Na alminiyom yana koɗewa yana zane, amma lanƙwasa yake yi ba fashewa ba, musanya shi kuma da sauƙi.

Mafi munin abin da ake yi wa agogo a bakin teku shi ne a goge shi da tawul alhali akwai yashi a jikinsa. Haka nan idan aka juya zobe aka ji yana ƙara kamar an tauna tsakuwa maimakon ƙas-ƙas ɗinsa na kullum, a dakata, a kai shi ƙarƙashin famfo a juya a hankali ruwa yana bi har sautin ya dawo daidai.

Maɗauri, wanda ake barinsa a ƙarshe alhali shi ne farko

Agogon da ruwa ya shiga ana iya gyara shi, wanda ya faɗa teku kuwa sai dai haƙuri. Duk nauyin agogon a kan fil biyu yake rataye, siraran sanduna masu sifirin a ciki da ke haɗa maɗauri da jiki, kuma su ne mafi araha a duk agogon, su ne kuma ke tsatsa a ɓoye. Igiyar ruwa mai ƙarfi, ko igiyar jirgi da ta maƙale a hannu, tana iya fizge ɗaya.

Fata ba ta ruwa ba ce. Tana kumbura, ta bushe ta tsage, ta yi wari. Sarƙar ƙarfe tana da kyau idan makullinta yana da murfi na biyu da ke danne na farko, kuma ya fi kyau idan ana iya ƙara tsawo ko ragewa ba tare da kayan aiki ba, domin wuyan hannu yana kumbura a cikin zafi ya kuma tsuke a ruwan sanyi, ta yadda agogon da ya matse a kan yashi sai ya koma yana rawa bayan minti 20 na iyo. Makullin Glidelock na Submariner yana ba da kimanin milimita 20, milimita 2 a kowane taki, Omega da Tudor ma suna da nasu irin. Wannan ƙaramin abu ya fi ƙarin mita 1,000 amfani ga mai zuwa teku, kuma shi nake fara gwadawa a kanti.

Roba mai kyau ba ta damu da gishiri ba, ba ta riƙe yashi kamar sarƙa, kuma tana kare sarƙar asali daga zane idan aka cire ta aka ajiye kafin tafiya. Ga mai son sayar da agogonsa wata rana, wannan dabara ce mai riba. Maɗaurin nailan irin wanda ake kira NATO yana bi ta ƙarƙashin fil biyun gaba ɗaya, don haka ko ɗaya ya karye agogon zai rataye a kan ɗayan. Aibinsa shi ne yana daɗewa bai bushe ba kuma yana riƙe gishiri a jikin fata. Tudor ya ɗauki matsalar daga tushe a Pelagos FXD na 2021, wanda aka tsara tare da sojojin ruwan Faransa, inda sandunan a haɗe suke da jikin agogon, babu fil da zai fita. Farashin hakan shi ne ba za a iya sa masa sarƙar ƙarfe ba.

Na hannu da tsofaffi

Wanda zai sayi agogo na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, ya ɗauka cewa lambar da ke fuskarsa tarihi ce har sai an gwada. Robar ciki tana bushewa da shekaru ko da agogon a akwati yake kwance, kuma ba a san wanda ya buɗe shi a baya ba ko yadda ya mayar. Gwajin matsi abu ne na 'yan mintoci a wurin mai gyaran da ke da na'urar, kuma ya kamata a yi shi kafin a biya, a karɓi takardar sakamako mai kwanan wata. Tsohon agogon nutso na shekarun 1960 ko 1970 kuwa, ko ya ci gwajin, bai cancanci a kai shi teku ba, tunda darajarsa a fuskarsa ta asali take, kuma ɗigon ruwa ɗaya zai ɓata abin da babu inda za a samo madadinsa. Haka wanda aka jera wa duwatsu a wajen kamfani ko aka canza masa gilashi da na kasuwa.

Mai batir ba shi da wani rauni na musamman a ruwa, illa dai duk canjin batir buɗe baya ne, kuma duk buɗewa tana bukatar sabuwar roba da sabon gwaji. Masu cajin hasken rana, irin Eco-Drive na Citizen, sun rage wannan wahala.

Abin da zai biyo bayan saye

Kuɗin agogon teku bai ƙare ranar saye ba. Babban sabis yana iya jira shekaru, Rolex ma kusan shekara 10 yake ba da shawara, amma gwajin jure ruwa abu ne na kowace shekara ga mai iyo da shi, kuma ya fi dacewa a yi shi kafin tafiya ba bayan an dawo ba. Mai saye ya tambaya ko akwai wurin sabis na kamfanin da zai iya kaiwa ba tare da agogon ya yi watanni a hanya ba. Rolex da Omega duka garantin shekara 5 suke bayarwa, sai dai garanti na kuskuren ƙira ne, ba na sakacin mai agogo ba.

Bayan kowace shiga teku, a tabbatar maɓalli a ɗaure yake, a ɗauraye agogon da ruwa mai daɗi wanda ba zafi ba, a juya zobe, a bi sarƙa da buroshi mai laushi, sannan a tsane shi da ƙyalle. Man kare fata daga rana da maganin sauro suna taruwa a gaɓoɓin sarƙa, wasunsu kuma suna cin roba, don haka a shafa, a bari ya bushe, sannan a ɗaura agogo. A guji wanka da ruwan zafi da ɗakin tururi. Agogon da ya gasu a rana aka faɗa ruwan sanyi da shi yana iya nuna ɗan hazo da zai wuce cikin minti ɗaya ko biyu, wanda danshin iskar ciki ne kawai. Idan hazon ya zauna ko ya dawo, a kai shi wurin mai gyara a ranar, ko da yana tafiya daidai, domin ruwan gishiri ba ya jiran a gama hutu.

Sauran batun sata da ɓata. Mafi hatsarin wuri ga agogo a bakin teku shi ne cikin takalmi ko ƙarƙashin tawul yayin da mai shi ke cikin ruwa, don haka shawarar a ɗaki ake yanke ta: ko dai ya zauna a hannu har a dawo, ko ya zauna a akwatin ajiya. Wannan ma hujja ce ta sayen wanda ba sai an cire shi ba. Mai inshora ya karanta takardarsa ya ga ko ta ƙunshi ɓata, ba sata kaɗai ba, da kuma ko tana aiki a wajen ƙasarsa. Ya ajiye lambar jikin agogon da hotunansa a wani wuri daban.

Akwai kuma mutumin da duk wannan ba zai kwantar masa da hankali ba, wanda zai shiga ruwa hannunsa ɗaya yana dafe da agogo, ya fito yana duba gilashi a rana. Irin wannan ya sayi agogon alfarmar da ransa yake so ko da na mita 30 ne, sannan ya haɗa da Casio G-Shock mai mita 200 ko Seiko na nutso, wanda kuɗinsa sau da yawa bai kai na sabis ɗaya na babban ba, ya ɗaura shi ranar zuwa teku.